Wa Ya Ba Ka Dariya?

Da ƙarfe biyar na asuba bakin titin Masaka ya riga ya cika. Mai gadi a Wuse, mai shara a wata ma'aikata a Garki, malamar makaranta, birkila da cebur a kafaɗa, kowa na rububin mota kafin cunkoson Mararaba da Nyanya ya tare hanya. A takarda Masaka tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma guminta a Abuja yake zuba. Nan muke kwana, can muke wuni. In ka dubi fuskoki a wannan lokaci, da wuya ka samu ɗaya a sake. Kowa ya tashi da lissafin kuɗin haya da na makaranta da na mai ruwa, ga barci bai ishe shi ba.

A irin wannan safiya na shiga wata doguwar bas. A kujerar gabana akwai wata dattijuwa ɗaure da zanen Zumuntar Mata, ta rungume zakara a cinya, da alama gaisuwa za ta kai wa wani a cikin gari. Muka maƙale a Mararaba kusan awa guda, rai duk ya ɓaci. Wani matashi ya nemi canjinsa, kwandasta ya ce babu. Wata mata ta nema, ya ce babu. Da na ukun ya tambaya sai ya haɗa da rantsuwa, wai ko sisi ba ya tare da shi. Bai rufe baki ba zakaran nan ya miƙe wuya ya yi cara. Dattijuwar ta juya a hankali ta dube shi, ta ce, "To, Bitrus ɗana, sau uku ke nan, ga shi ka ji zakara. Fito da canjin mutane."

Motar ta kece da dariya. Waɗanda suka san yadda Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku kafin carar zakara suka riƙe ciki. Wani malami mai carbi da ke gefena ya ce a ba shi labarin, da aka ba shi ya dara har hularsa ta karkace. Kwandastan kansa ya sunkuyar da kai yana dariya, ya sa hannu a aljihun baya, canji ya fito. Cunkoso bai ragu ba, amma fuskokin da suka sauka a Abuja ran nan a sake suke.

Da dare ina ba iyalina labari, sai na ji bakina ya ce, "Tsohuwar nan ta ba mu dariya." Maganar ta tsaya mini a rai. A Hausa dariya ba da ita ake yi. Abin da ke jawo ta muna kiransa abin ban dariya, a ginin da muka gina ban ruwa da ban hannu da ban girma da ban haƙuri. A wannan layi kuma akwai wata kalma da Kiristan da ke sujada da Hausa yake furtawa kowace Lahadi ba tare da ya kwance ta ya ga cikinta ba: bangaskiya. Ba da gaskiya ke nan. A bangaskiya kai ne kake miƙa wa Allah abin da ke hannunka, ka ce na yarda da kai ko da ban gani ba. A ban dariya kai ake miƙa wa. Tun daga ranar nake ganin kalmomin nan biyu kamar wa da ƙane da aka raba su tun suna yara, aka kai ɗaya majami'a, aka bar ɗaya a tasha.

Ka kuma saurari yadda muke faɗin zuwanta. Dariya ta kama ni. Ta ƙwace mini. Ta ci ƙarfina. Mutum yakan fashe da ita kamar tulu, ya kece kamar zane, ya tuntsire kamar wanda ya yi tuntuɓe, ya bushe, ya sheƙe. Duk kalmomi ne na abin da yake a rufe ya buɗe ba shiri. Mai mulki na iya sa ka durƙusa, ya sa ka tafa masa, har ya sa ka yi kuka, amma ba shi da ikon sa dariyar gaske ta fito daga cikinka. Iyakar abin da zai samu shi ne yaƙe, kuma zan dawo kan yaƙe.

Dariya ta farko da Littafi Mai Tsarki ya tsaya ya ba da labarinta ta tsofaffi biyu ce. A Farawa sura ta 17, Ibrahim yana da shekara 99 aka ce masa matarsa za ta haifa masa ɗa. Ya faɗi rubda ciki don girmamawa, a nan ƙasa kuma dariya ta kama shi. A sura ta 18 baƙi uku suka sauka a wurinsa a Mamre, suka maimaita alkawarin, Saratu na bayan ƙofar alfarwa tana ji. Ta dara a ranta. Wannan dariyar ba ta daɗi ba ce. Ta macen da ta shekara da shekaru tana ƙirga watanni ce, wadda ta ga baiwarta ta haihu ita ba ta haihu ba, wadda aka yi wa mijinta alkawarin zuriya tun yana ɗan shekara 75 har yau shiru. Duk wanda ya taɓa zama kusa da matar da ke neman haihuwa ya san sautin. Da aka tambayi dalilin dariyar sai tsoro ya kama ta, ta yi musu. Abin da ke taɓa ni shi ne ba a hukunta ta ba, ba a janye alkawarin ba. An dai nuna mata cewa an ji.

Shekara ta zagayo, ga jariri a hannun mace mai shekara 90. Sunan da Allah ya zaɓa masa, Ishaku, da Ibrananci ma'anarsa "yana dariya" ko "zai yi dariya". A sura ta 21 Saratu ta danganta dariyarta ga Allah, ta kuma sa ran duk wanda ya ji labarin zai taya ta. Baki ɗaya ne ya yi dariyar farko da ta biyu. Ta farko daga cikin ɗacinta ta fito, ta biyu kuwa ba ta aka yi. Allah ya ɗauki abin da ta ɓoye don kunya ya mai da shi sunan da za a riƙa kira a tsakar gida safe da yamma. Har yau a layinmu akwai Ishaku, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma ina shakkar ko iyayensu sun san cewa duk lokacin da suka ƙwala musu kira dariya suke kira.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin. A Suratu Hud, aya ta 71, matar Annabi Ibrahim tana tsaye ta yi dariya, aka yi mata bushara da Is'haƙa. Kalmar Larabci ta dariya da ke wurin da tushen sunan Ishaku a Ibrananci 'yan gida ɗaya ne. Ga dariya ga bushara kafaɗa da kafaɗa. Bushara ɗin nan ita ce bishara, kalmar da muke kiran saƙon Yesu da ita tun kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya ba da ƙarfinsa a kai. Masana Larabci sun ce tushen kalmar yana da alaƙa da fatar fuska, domin labari mai daɗi a fuska yake fara bayyana. Bahaushe ya san haka ba tare da ƙamus ba. Labarin zuciya, in ji shi, a tambayi fuska. In yaro ya sheƙo gida da gudu ya ce "Albishirinka!" kafin ka amsa da "Goro!" ka riga ka karanta rabin labarin a haƙoransa. Ban taɓa ganin wanda ya kawo albishir da haɗe gira ba. To, yaya aka yi wasunmu muke ɗauke da Bishara kamar masu kai sammaci?

Amsar tana da tarihi, kuma bai kamata a raina ta ba. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin Konstantinoful da ya rasu a 407, ya lura cewa Linjila ta nuna Yesu yana kuka amma ba ta taɓa nuna shi yana dariya ba. Gaskiya ya faɗa: ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya yi kuka a kan Urushalima. A ƙarni na 6 dokokin da Benedik ya rubuta wa masu zaman zuhudu sun hana maganar da ke jawo dariya. Mu kuma a nan, bangaskiyar da ta iso mu ta kan kaburbura ta ratso. Matasa uku ne suka sauka a Legas a 1893 da nufin shiga ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne kaɗai ya saura, shi ne jami'ar ECWA da ke gaba da mu kaɗan a hanyar Keffi take ɗauke da sunansa tun 2005. Saƙon da aka biya da rai ba abin mamaki ba ne ya zo da fuska mai nauyi. Ya kuma tarar da al'adarmu ta dattako, inda ake cewa yawan dariya na zubar da kwarjini, babba ba ya washe baki a gaban yara. Biyun suka haɗu, sai muka ɗauka ɗaure fuska wani reshe ne na tsarki.

Ina girmama waɗannan magabata, amma a nan ban bi su ba. Linjila ba ta ce Yesu ya yi dariya ba, haka ne, sai dai ta cika da maganganunsa da ba mai iya faɗinsu da fuska a murtuke. Ka tsaya ka zana hoton a ranka: mutum ya zauna da rariya yana tace ɗan ƙwaro daga abin shansa, ya gama tsaf, sannan ya ɗaga raƙumi da tozonsa da kofatansa ya haɗiye. Ko wanda gungume ya tokare masa ido, yana laluben hanya, wai zai cire wa ɗan'uwansa ɗan haki. Wani marubucin Amurka, Elton Trueblood, ya ce yana karanta wa iyalinsa wannan wurin da murya irin ta sujada sai ɗansa ɗan shekara huɗu ya fashe da dariya. Yaron ya ga abin da saba ji ya rufe wa uban. Daga nan ya rubuta littafi a kan barkwancin Almasihu, ya fito a 1964. Ka ƙara da cewa ana kawo yara wurin Yesu har almajirai na korar su, alhali yaro ba ya zuwa wurin mai haɗe rai. Mu'ujizarsa ta farko a gidan biki ya yi ta, a Kana. Maƙiyansa ma abin da suka zarge shi da shi ke nan, yawan ci da sha da masu karɓar haraji da masu zunubi.

Luka kuwa, da ya zo rubuta Ayyukan Manzanni, bai ɓoye abin dariyar ikkilisiyar farko ba. A sura ta 12 an kulle Bitrus a kurkuku, masu bi sun taru a gidan Maryamu uwar Markus suna ta addu'a. Allah ya fito da shi cikin dare, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Yarinyar gidan, Roda, ta ji muryarsa, murna ta sa ta koma ciki da gudu ba ta buɗe ba. Masu addu'ar suka ce ta zautu. Ga amsar addu'arsu tsaye a waje tana bugun ƙofa, su suna ciki suna musu. Ina jin wannan labarin an yi ta maimaita shi a gidajen masu bi ana dariya har hawaye, Roda na rufe fuska. Mutanen da ake farauta ne, an riga an kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi a farkon wannan surar, duk da haka suka adana labarin.

Sai dai akwai dariyar da Linjila ta ambata ƙarara, kuma ita ce ya kamata ta tsorata mu. A gidan Yayirus, da Yesu ya ce yarinyar barci take yi, masu makoki suka yi masa dariya. Sojoji suka sa masa rawanin ƙaya suna masa ba'a. A gindin gicciye manya suka yi ta izgili. A nan Hausa ta raba gari da tsakuwa da ɗan ƙaramin harafi. "Mun yi dariya da shi" daban, "mun yi masa dariya" daban. Ta farko tabarma ce da kowa ke zaune a kai. A ta biyu an tura mutum ɗaya tsakiyar fili, saura sun kewaye shi. Saboda ita muke da tarin kalmomi masu ƙaya: ba'a, izgili, gatse, habaici, zambo, shaguɓe, dariyar ƙeta. Saboda ita ne aka ce haƙorin dariya shi ke cizo.

Wannan cizon na sha ganinsa a kan mumbari, kuma yana ɓata mini rai. Mai wa'azi yana son jama'a su motsa, sai ya ɗauko budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba, ko matar da ba ta haihu ba, ko bazawara, ko yadda wata ƙabila ke karya Hausa, ko mai in'ina. Coci ya ɗauka da dariya, wata a benci na huɗu ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen zanenta. Da Saratu tana cikinmu, da shekarunta na jira za a riƙa buɗe wa'azi. Ban ga bambancin wannan da abin da aka yi a gidan Yayirus ba. Dariyar da aka samo ta hanyar tauye wani ƙwace ce, kuma abin da aka ƙwace ba ya zama baiko.

Kakanninmu sun san tsokana tana da daɗi, sun kuma san tana da dafi, shi ya sa suka yi mata shinge. Wasan taubasai, wasan kaka da jika, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi: a kowane ɗaya wanda ka tsokana yana da cikakken ikon ramawa, kuma abokin wasanka shi ne ba zai ga wulaƙancinka ya wuce ba. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon ɗan Adam a 2014. Dattijuwar cikin bas a kan wannan ƙa'ida ta tsaya. Ta kira kwandasta ɗanta kafin ta kira shi Bitrus, ta kuma bar masa ƙofar fita da mutuncinsa. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, amma mai hikima ma ya fi karɓarta a haka. A gari irin Masaka, inda Gbagyi da Gwandara da Eggon da Mada da Tibi da Bajju da Hausawa da Ibo suke shanya a igiya ɗaya, wannan ilimi ba ƙaramin abu ba ne. Abin baƙin ciki, a sassan Binuwai da kudancin Nasarawa inda jini ya zuba tsakanin manoma da makiyaya, wasan Tibi da Fulani ya yi sanyi. Duk inda ka ga abokan wasa sun koma gaisuwar "sannu, sannu", ka sa wurin a addu'a.

Game da lafiyar jiki, Littafin Karin Magana ya daɗe da kwatanta zuciya mai farin ciki da magani, ya kuma ce baƙin ciki na busar da ƙashi. Masu bincike sun zo daga baya suna aunawa. Norman Cousins, wani editan mujalla a Amurka da ciwon gaɓoɓi ya kwantar a 1964, ya ba da labari a littafinsa na 1979 cewa minti 10 na dariya mai girgiza ciki kan ba shi barcin awa 2 ba raɗaɗi. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa bayan mutane sun yi dariya tare juriyarsu ga zafi takan ƙaru. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Robert Provine na Jami'ar Maryland, da ya gano cewa mutum ya fi yin dariya cikin jama'a kusan sau 30 a kan in yana shi kaɗai. Abin da harshenmu ya faɗa ke nan tun farko: sai da mai bayarwa. Kada dai wani ya ji wannan ya ajiye ƙwayar hawan jininsa. Cousins kansa a hannun likita yake. Dariya tana taya magani aiki, kuma mai ciwon damuwa da ya daɗe a cikin duhu yana bukatar asibiti kamar mai ciwon sukari.

Yanzu ga yaƙe. Ban san wani harshe da ya ware wa wannan abu kalma mai kaifi haka ba. Yaƙe shi ne a buɗe haƙora zuciya na rufe, har muna cewa wani yaƙen ya fi kuka ciwo. Ina tsoron muna koya wa juna shi da sunan bangaskiya. Mutum ya rasa aiki, mai gida ya ba shi notis, ɗansa na kwance, ka tambaye shi a ƙofar coci ya ce "Lafiya lau, mun gode Allah," domin an nuna masa cewa wanda ya ce yana cikin damuwa bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Wannan ba koyarwar Littafi ba ce. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Karin Magana ɗin da ya yabi farin ciki shi ne kuma ya kamanta mai rera waƙa ga mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Bulus ya umarci Romawa su taya masu murna murna, a numfashi ɗaya kuma ya ce su taya masu kuka kuka.

Mu mutanen wannan hanya mun san ranar da dariya ta ɗauke. Litinin 14 ga Afrilu 2014, da safe, lokacin da tashar Nyanya ta cika da irinmu masu sammakon zuwa aiki, bam ya tashi ya kashe sama da mutum 70. Kashegarin Lahadin Ganyen Dabino ke nan. A daren wannan rana aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. Ranar Lahadi, 20 ga wata, Ista ce. A kudancin Jamus an yi wani zamani, tun daga wajen ƙarni na 15, da limaman coci kan ba da labaran ban dariya a wa'azin Ista, don jama'a su yi wa mutuwa dariya tunda kabari ya kasa riƙe Yesu. A cocinmu ran nan ba wanda ya dara, kuma daidai ne. Mun rera waƙoƙin tashi daga matattu da muryoyi masu rawa. Da wani ya hau ya ce mu saki fuska don mu nuna mun yi nasara, da ya zalunce mu. A Luka sura ta 6 masu kuka Yesu ya yi wa alkawarin dariya, kuma a gaba ya ajiye ta, kamar yadda sunan Ishaku ke nuna gaba. Bai ce su share hawaye su yi ta yanzu ba.

Yadda dariya takan dawo kuwa, na gani da idona a wani gida a unguwarmu. Mijin matar gidan ya rasu a hatsarin mota a wannan titi namu. Watanni ta yi ba ta cin abin kirki, ta rame, in ka gaishe ta sai ta yi maka yaƙen nan. Matan Zumunta ba su yi mata wa'azi ba. Sun riƙa zuwa bi da bi, wata ta share tsakar gida, wata ta yi wa yara wanka, wata ta zauna kawai. Wata yamma suna tsince wake a tire, sai ɗaya ta tuno yadda marigayin yake waƙa a kwaya, murya kamar ta babur mai tsohon salansa, kullum yana gaba da kowa da baiti guda, kuma shi a ransa ya fi kowa iyawa. Ta kwaikwaye shi. Aka yi tsit, ana tsoron an yi ɓaranɓarama. Sai matar ta tuntsire. Ta yi dariya har ta kife a kan tiren, dariyar ta juye kuka mai ƙarfi irin wanda ba ta yi ba tun ranar jana'iza, kukan ya sake juyewa dariya. Da ta natsu ta ce, "Mama, akwai sauran tuwon nan?" Matar da ta kwaikwaye shi ba ta isa ta yi wannan wasa a makon farko ba. Watannin shara da wanke-wanke ne suka ba ta izini.

Irin wannan hikima ce ke sa a jana'izar tsoho a wasu ƙabilunmu a bar jikoki su sa rigarsa, su ɗauki sandarsa, su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa, mutane na share hawaye suna dariya. Na ji masu cewa a hana, wai ba ya cikin tsarin sujada. Ni dai ina roƙon a bar su. Mutanen da suka ba da gaskiya cewa kabari ba shi ne ƙarshe ba sun fi kowa cancantar su yi haka a bakinsa.

Baba Fasto, in za ka ba mu dariya ranar Lahadi, ka duba benci na huɗu tukuna, ka tabbata ba da naman wani za ka ciyar da mu ba. Ka kuma ba mu izinin cewa "ba lafiya" a ƙofar coci. Kai kuma mai karatu, a layinku akwai gidan da aka daɗe ba a ji dariya ta tsallako katangarsa ba, ka san gidan. Kada ka je da labarin barkwanci a aljihu. Ka je da kwanon abinci, ka zauna, ka koma jibi, ka sake komawa mako mai zuwa.